Kafin ka kwance bak-aksil ɗin tsohuwar Peugeot

Duk mai tsohuwar Peugeot 504 ko 404 a Tamale ya san abin da jar ƙasar hanyoyin ƙauye ke yi wa ƙarƙashin mota. Laka ta damina ta manne, ƙurar hunturu ta bi ta daskare da giris, tsatsa kuma tana ci a ɓoye. Yi aikin da rani, lokacin da ƙarfe zai bushe sosai.

Ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Jiƙa notuna da kananzir su kwana, in ba haka ba za su karye a hannunka. Ɗauki hoton komai da waya kafin ka kwance.

Kankare datti da buroshin waya, wanke, busar, sannan fenti mai hana tsatsa. In a-kori-kura ce mai sifirin na faifai, raba su ɗaya-ɗaya, ka duba tsagewa kusa da notin tsakiya. Wanda ya tsage a sauya shi, walda ba ta riƙe shi. Robobin da suka bushe su ma haka.

Man difa ne ya fi damuna. Yawancin 404 na da haƙorin tagulla a ciki, kuma wasu man giya na zamani suna cin tagulla. Tambayi tsohon bakanike kafin ka zuba.

Abin da ka rasa a gari, tafi da tsohonsa Suame Magazine a Kumasi a gwada maka. Notunan robobi kuwa, sai motar ta sauka kan tayoyinta za ka ɗaure su tamau.