Rina Ce Ko Faɗa-wuta? Nazari A Kan Wani Ƙwaro Mai Kama Da Zanzaro

Gabatarwa

Wata rana da hantsi na tarar da wani ƙwaro a kan ganyen dankali a bayan ɗakin kwananmu. Fikafikansa baƙaƙe ne masu ɗigon rawaya, cikinsa kuma da zobe-zobe masu launi. Ja da baya na yi, don na ɗauka rina ce. Ashe faɗa-wuta ne, daga jinsin da masana ke kira Euchromia. Wannan maƙala za ta duba yadda ake gane shi da matakan rayuwarsa.

Yadda Ake Gane Shi

Bahaushe ya kira faɗa-wuta da wannan suna ne saboda yadda yake rububin fitila da dare. To, shi wannan da rana yake yawo. Alamomi uku ne ke tona asirinsa:

1. Ƙugu: Rina da zanzaro siririn ƙugu gare su, shi ya sa ake cewa wanda ya cusa riga cikin wando ya yi zanzaro. Shi kuwa ƙugunsa kauri gare shi.
2. Fiffike: Idan aka taɓa, wani gari-gari zai manne a yatsa.
3. Baki: Dogon bututu ne a nannaɗe, na tsotsar ruwan fure. Ba shi da ƙari, don haka ba ya harbi.

Amfanin wannan kama shi ne tsuntsun da rina ta taɓa harbi ba zai kusance shi ba. Henry Bates, Baturen Ingila da ya yi shekara 11 a dajin Amazon, shi ya bayyana irin wannan dabara a 1862.

Matakan Rayuwarsa

Matakai huɗu ne. Macen na saka ƙwai a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, gizaka ta fito, wato tsutsa mai gashi, ta yi ta cin ganyen dankali da danginsa tana saɓa. Idan ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta gida da zare da gashin jikinta, ta kwanta ciki. Daga nan ne cikakken ƙwaron ke fitowa.

Kammalawa

Kama da wane ba wane ba ce. Sunan faɗa-wuta ya ginu ne a kan hali, ga shi kuma mun sami wanda ya saɓa wa halin. Shin mu bar masa sunan danginsa, ko mu raɗa masa sabo? Ni dai na zaɓi "faɗa-wutan rana". Ƙalubale gare ku, 'yan'uwana ɗalibai.