ME YA SA HAƘORI KE ZOGI IN YA JI SANYI?

Mutane da dama, idan suka kurɓi ruwan randa ko suka shaƙi iskar hunturu ta baki, sai su ji zogi ya soki haƙorinsu kamar allura, nan da nan kuma ya wuce. Yawanci akan ce sanyi ne ya kama haƙorin. Ku sani, sanyi ba shi ne ciwon ba. Abin da yake yi kawai shi ne tona ɓarnar da ta riga ta auku.

Kowane haƙori yana da farin rufi a bisansa, wanda ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Ƙarƙashin rufin akwai wani ɓangare mai launin rawaya-rawaya, cike da dubban kafofi ƙanana da ido ba ya iya gani. Akwai ruwa cikin kafofin, kuma sun zarce har tsakiyar haƙori inda jijiya take. Muddin rufin yana nan, bakinsu a toshe yake. Amma in ya side, da zarar sanyi ya taɓa wurin sai ruwan ya motsa, jijiya ta ji. Wannan shi ne zogin.

To, me ke cinye rufin? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dirzar haƙora da ƙarfi, da buroshi mai tauri ko busasshen asuwaki. Masu goge baki da gawayi ko toka don neman fari su lura: rufin suke kankarewa, in kuwa ya tafi ba ya sāke tsirowa, haƙorin ma ƙara rawaya zai yi. Kayan tsami su ma suna tausasa shi, kamar tsamiya, lemun tsami, zoɓo da lemun kwalba, haka nan ƙwannafi da yawan amai. Sai kuma cizon haƙora cikin barci, da buɗe kwalba da haƙori.

Dalili na biyu daga dasashi yake. Saiwar haƙori ba ta da farin rufin, dasashi ne suturarta. In dauɗa ta taru ya kumbura, ko dirza ta ci shi, sai ya ja da baya, saiwa ta fito fili.

Saboda haka a goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi da man da ke da sinadarin fulorayid, a hankali. Bayan shan abu mai tsami a kurkure baki da ruwa, a dakata minti 30 kafin a goge. Akwai man goge baki na musamman don wannan zogi, amma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji amfaninsa.

Idan zogin na haƙori ɗaya ne, ko yana daɗewa bayan sanyin ya wuce, ko yana hana barci, to mai yiwuwa kogo ne ko tsaga, ko jijiyar ta kumbura. Kada a ɗora ƙwayar asfirin ko ruwan batir a wurin, domin suna ƙona dasashi. A garzaya wurin likitan haƙori tun ana iya cike kogon, kafin a kai ga cire haƙorin.