Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Ake Auna Maganaɗisun Rana Daga Duniya?

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Katsina. Na ji an ce masana suna auna ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da rana. Ta yaya, alhali maganaɗisu ba ya ganuwa, wurin kuma ba ya zuwuwa?

Amsa: Wurin da kake nufi shi ne korona, siririyar iskar nan mai tsananin zafi da ta yi wa rana rawani. Wanda ya shaida husufin ranar 29 ga Maris 2006 a Katsina, Gusau ko Maraɗi ya gan ta da idonsa: farin hasken da ya bayyana a gefen baƙin faifan wata. Zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana ba ta wuce kimanin 5,500 ba, amma haskenta bai kai na fuskar ba da kusan ninki miliyan. Shi ya sa sai an tare fuskar kafin a gan ta, kuma a 1930 Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙera na'urar da ke yin hakan ba tare da jiran husufi ba.

Kumbon Parker na hukumar NASA ya kutsa cikin korona a 2021, sai dai iyakar inda ya bi yake iya aunawa. Sauran aikin dukansa da haske ake yinsa.

Haske kaɗawa yake yi yayin tafiya. Ɗaure igiya a jikin turke ka riƙe bakinta: kana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko dama da hagu, ko ka juya hannu ta riƙa murɗawa. Hasken fitila ya haɗa duk waɗannan a cakuɗe. Amma idan ƙwayar zarra ta fitar da haske tana cikin maganaɗisu, kaɗawar takan karkata wani ɓangare, kuma da wannan karkatar hasken zai iso mana bayan tafiyar minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Ita masana suke karantawa.

A korona akwai ƙarfe da zafi ya raba shi da ilaktoron 12, yana fitar da wani haske mai tsawon zango nanomita 1,074.7, wanda idon mutum ba ya gani. Kaɗawarsa ta miƙe tana nuna inda layukan maganaɗisu suka dosa, kuma aunata bai cika wuya ba. Ƙarfin maganaɗisun kuwa a murɗawar yake ɓoye, nan ne gizo ke saƙa. Pieter Zeeman na ƙasar Holan ya gano a 1896 cewa maganaɗisu na tsaga layin haske gida-gida, sassan gefe suna murɗawa ɗaya dama ɗaya hagu. Da wannan George Ellery Hale ya tabbatar da maganaɗisu a baƙaƙen tabban rana a 1908. To, a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu da ake kira gaus, tabban suna da dubbai, na korona kuwa sau da yawa bai wuce goma ko 'yan gomomi ba, ga zafi ya baje layin har tsagar ta nutse a ciki. Abin da ake farauta bai fi kashi ɗaya cikin dubu goma na hasken ba, ƙura kaɗan a kan madubi ta isa ta ɓata awon.

Saboda haka aka daɗe ana fama. Sai a 2024 masu aiki da madubin hangen rana na Daniel K. Inouye, mai faɗin mita 4 a kan dutsen Haleakala a Hawai, suka fitar da taswirar ƙarfin maganaɗisun korona dalla-dalla ta wannan hanya. A ganina babban ci gaba ne, ko da yake da sauran aiki: a gefen rana kawai ake iya awon, kuma korona shara-shara ce, hasken gaba da na baya suna isowa a haɗe, sai an sa kwamfuta ta warware su.

Wahalar ba ta banza ba ce. Maganaɗisun nan ne ke murɗewa ya tsinke, ya watso guguwar da ta kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada na tsawon awa tara a Maris 1989, irinta kuma na rikita taurarin ɗan'adam da GPS da sadarwar rediyo.

Malam, kana iya nuna wa ɗalibanka tushen abin a cikin aji. Samo tabarau mai kashe ƙyalli irin na direbobi, ka kalli allon kwamfuta ta cikinsa kana juya shi a hankali, za ka ga allon ya yi duhu ya sake washewa. Amma ka ja musu kunne sosai: kada kowa ya kalli rana da wannan tabarau, domin ba ya kare ido.