Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Karatu: Fitowa 18:13-26, Ayyukan Manzanni 18:24-28

Yawancinmu muna neman abinci ne a wuraren da aikin wani ya rataya a kan na wani. A cikinmu akwai masu aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma a Gwaram, akwai magina, akwai masu awon hatsi a kasuwar Sara. Ko ina kake, wata rana za ka ga abokin aikinka yana yin abu ba daidai ba. Me za ka yi da abin da idonka ya gani?

Abin da muka saba shi ne mu yi shiru a gabansa, mu ce kara muke yi masa. Da an tashi aiki kuma sai bakin ya buɗe a wurin mai shayi. Wasunmu ma har taron addu'a suke kai maganar, su ce a sa wane a addu'a, alhali gulma ce aka sa wa rigar ibada. Littafin Firistoci 19:16-17 ya haɗa abubuwan nan wuri ɗaya: ya hana yawo da tsegumi, ya hana riƙe ɗan'uwa a zuciya, ya kuma umarce mu mu faɗa masa laifinsa a fili, don kada mu yi tarayya da shi cikin alhakin. Wato wanda ya gani ya yi shiru, shi ma yana da kaso.

Mu dubi Yetro, surukin Musa, firist na Madayana. Da ya iso zango a jeji, bai fara da gyara ba. Ya saurari labarin abin da Ubangiji ya yi wa Isra'ila, ya yi murna, ya miƙa hadaya, ya ci abinci tare da Haruna da dattawa. Kashegari ya ga Musa zaune yana shari'a tun safe har yamma, jama'a suna tsaitsaye kewaye da shi. Yini guda ya yi yana kallo kafin ya buɗe baki, da ya buɗe kuma tambaya ya fara yi, ya bar Musa ya faɗi dalilinsa. Sau da yawa abin da muke ɗauka sakaci ne, in mun tambaya sai mu tarar kayan aiki ne babu, ko kuwa ba a taɓa nuna wa mutumin yadda ake yi ba.

Bayan ya ji, Yetro bai yi kewaye-kewaye ba. Ya ce wa Musa wannan tsari ba shi da kyau, zai gajiyar da shi, ya gajiyar da jama'a. Ku lura, tsarin ya kushe, bai ce Musa mai son mulki ne ba. Sa'an nan ya kawo mafita da za a iya ƙirgawa: a koya wa jama'a dokoki, a zaɓi amintattun mutane masu tsoron Allah, masu ƙin rashawa, a sa su bisa dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma, manyan matsaloli kaɗai su iso wurin Musa. A ƙarshe ya bar hukuncin a hannun Allah da Musa.

Ga yadda wannan yake a wurin aiki. Idan ka ce wa abokiyar aikinka, “Ke ba ki da kula,” ba ka ba ta abin da za ta gyara ba, tabo kawai ka yi mata. Amma ka ce, “Sista, jiya da kika miƙa aiki ba a rubuta lokacin da aka ba mara lafiyar gado na huɗu magani ba, mai aikin dare ta rasa ko ta ƙara ko ta jira. Ko mu riƙa duba takardar tare kafin ki tafi?” Yanzu ta san ranar, ta san abin, ta san wanda ya cutu, ta san abin yi. Haka yaron magini zai iya ce wa maigidansa, “Baba, kamar layin bulon nan ya karkata gabas, ko mu sake jan igiya tun siminti bai kama ba?” Girmamawa tana nan, gaskiya ma tana nan. Ladabi shi ne ya zaɓa maka kalma da lokaci, amma kada ya cinye saƙon har mutum ya tashi bai san an gyara masa wani abu ba.

Sai batun wuri. Afolos mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, masanin Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila, masu ɗinkin tanti, suka ji shi a majami'ar Afisa. Ba su katse shi a gaban jama'a ba. Sun ja shi gefe, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Daga nan ya haye Akaya ya zama babban taimako ga masu bi, har Bulus ya lissafa shi abokin aiki a gona ɗaya. Da sun kunyata shi a ranar, wa ya san ko ikkilisiyar Koranti za ta same shi? Zauren WhatsApp na ofis ba gefe ba ne. Gaban ɗalibai ko gaban mai saye ma ba gefe ba ne.

Akwai lokacin da ba a jira. Idan rai ko dukiyar jama'a na cikin haɗari a take, a take za ka yi magana, ko babba ne. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bincike ta ɗakin tiyata mai abubuwa 19, wadda ta sa dukan masu aikin su tsaya, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da mara lafiya da wurin da za a yi masa aiki kafin a sa wuƙa. Amfaninta shi ne ƙarami ya sami bakin magana a gaban babba. Bulus ma ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya, domin kuskuren a fili aka yi shi, har ya ja Barnaba (Galatiyawa 2:11-14).

Kashedi biyu gare mu musamman. Kada ka ce “Ruhu ya nuna mini” a kan abin da idonka ne ya gani a rajista. Faɗi abin da ka gani, ka bar sunan Ruhu Mai Tsarki da tsarkinsa. Na biyu, a Birnin Kudu da Gwaram yawancin abokan aikinmu Musulmi ne. Gyaran aiki ya tsaya a kan aiki, kada addinin kowa ya shigo ciki. Suna kuma lura ko ma'aunin da kake auna su da shi, da shi kake auna ɗan ikkilisiyarku in ya makara.

In ka faɗa sau ɗaya, sau biyu, bai ji ba, kuma abin yana cutar da wasu, ka sanar da shi cewa za ka kai maganar gaba, sa'an nan ka kai. Kada ya fara jin ta a takardar tuhuma.

Ranar da gyaran ya biyo ta kanka kuwa, ka tuna Musa ya kai shekara 80, ya tsaya gaban Fir'auna, ta hannunsa aka raba teku, duk da haka ya saurari baƙon da ya zo ziyara, ya yi dukan abin da ya faɗa.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna mini da mutumin da na yi maganarsa a bayan idonsa a wurin aiki. Ka ba ni zuciya in same shi shi kaɗai a makon nan, ka sa mini kalmar da zai iya ɗauka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.