Ƙananan Jiragen Sama Masu Inji Ɗaya: Me Yake Kawo Haɗarinsu?

Gabatarwa

Idan aka ambaci jirgin sama, abin da yake fara zuwa zukatan yawancinmu shi ne manyan jiragen nan da suke kwasar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. To, amma jiragen da suka fi yawa a duniya ƙanana ne, masu inji ɗaya da farfela ɗaya a goshi, waɗanda galibi ba sa ɗaukar fiye da mutum biyu zuwa shida. Da irinsu ake fara koyon tuƙi a makarantu kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Da su kuma ake feshin gonaki, da ɗaukar hoton ƙasa daga sama, da kai magani ƙauyukan da mota ba ta isa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Cessna 172 mai kujera huɗu. Daga 1956 zuwa yau an ƙera fiye da guda 44,000, adadin da babu wani jirgin sama da ya taɓa kaiwa.

Duk wanda ya ga irin wannan jirgi, tambayar da yakan fara yi ita ce: idan injin nan guda ya mutu a sama fa? A wannan darasi za mu ga cewa mutuwar inji tana faruwa, amma abin da ya fi halaka mutane shi ne shawarar da matuƙi yake yankewa, da kuma wasu dokokin kimiyya da ba sa yi wa kowa alfarma.

Abin da alƙaluma suka nuna

Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗannan jirage, kuma hukumarta ta binciken haɗurran sufuri, wato NTSB, tana bin diddigin kowane haɗari. Saboda haka alƙalumanta ne masana suka fi dogara da su. A can akwai jirage fiye da 200,000 waɗanda ba na manyan kamfanonin jigilar fasinja ba ne, kuma mafi yawansu masu inji ɗaya ne. Wannan rukuni yakan yi haɗari fiye da 1,000 a shekara, kuma wajen ɗaya cikin biyar ne ake rasa rai. Idan aka auna da tsawon tafiya, akan sami kusan haɗari ɗaya mai kisa a cikin kowace awa 100,000 ta tashi.

Wannan ya ninka na manyan jirage nesa ba kusa ba. Alal misali, daga 2010 zuwa 2024, fasinjojin da suka rasu a haɗarin jiragen manyan kamfanonin Amurka ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba, alhali miliyoyin mutane suna tafiya kowane mako. Dalili kuwa shi ne babban jirgi yana da matuƙa biyu da ake yi wa jarrabawa a kai a kai, yana tafiya can sama da yawancin gajimare, kuma akwai ma'aikata a ƙasa masu lura da yanayi da lissafin mai. Matuƙin ƙaramin jirgi kuwa shi kaɗai yake ɗauke da dukkan wannan nauyi. Rahotannin shekara-shekara na ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, AOPA, sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na haɗurran, ko fiye, daga matuƙi suke, yayin da lalacewar inji ko wani sashe na jirgi take da kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Idan inji ya mutu

Abin da yake riƙe jirgi a sama shi ne iskar da take gudana a kan fuka-fukansa. Aikin inji shi ne jan jirgin gaba domin iskar ta gudana. Idan inji ya mutu, matuƙi yakan sunkuyar da goshin jirgin kaɗan, sai nauyinsa ya ci gaba da tura shi, kamar keke a gangara. Haka shirwa take shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Cessna 172 yakan yi tafiyar kusan mita 9 a gaba kafin ya sauko da mita 1. Ke nan idan yana bisa da mita 1,000, zai iya kaiwa kilomita 9, kuma matuƙi yana da fiye da minti huɗu na neman gona ko fili. Da yake saurinsa a lokacin sauka bai fi na mota a babban titi ba, mutane da yawa sukan fito da ransu.

Har ila yau, an ƙera injin da kariya biyu-biyu. Kowace silinda tana da fulogi biyu, kuma akwai na'urori biyu masu ba su wuta, waɗanda ba su dogara da batir ba. Bayan kimanin awa 2,000 na aiki akan kwance injin a sabunta shi.

Dalili na farko: ƙwacewar jirgi

Babban abin da ya fi kisa shi ne jirgi ya ƙwace wa matuƙi. Fiffike yana haɗuwa da iska a bisa wata kusurwa. Idan kusurwar ta ƙaru, ƙarfin ɗagawa yakan ƙaru, amma da zarar ta wuce kimanin digiri 15 zuwa 16, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, ta hargitse, ƙarfin ɗagawa ya ragu farat ɗaya. Goshin jirgin sai ya faɗa ƙasa, wani lokaci ma ya shiga juyawa kamar katantanwa. A can sama matuƙi yana da sararin gyarawa. A kusa da ƙasa kuwa, wajen tashi ko kwanar sauka, babu wannan sarari.

Kwana mai tsanani tana ƙara wannan haɗari. Idan jirgi ya karkata da digiri 60 ba tare da ya sauko ba, fuka-fukansa suna ɗaukar ninki biyu na nauyinsa, kuma saurin da yake bukata don kada ya ƙwace yakan ƙaru da kashi 41 cikin 100. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi cewa idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, ya nemi wurin sauka a gabansa. Da yawa daga waɗanda suka yi ƙoƙarin juyowa zuwa filin da suka baro sun halaka a cikin kwanar.

Dalili na biyu: gajimare, hazo da duhu

A cikin kunnen ɗan Adam akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya. Amma idan juyawar a hankali take, ko ta daɗe ana yin ta, ruwan yakan lafa, sai mutum ya ji kamar a miƙe yake tafiya. A ƙasa ido yana gyara wannan kuskure. A cikin gajimare kuwa, inda ba a ganin mahaɗar sama da ƙasa, matuƙi zai iya karkata yana gangarowa alhali jikinsa yana gaya masa komai daidai ne. Mafita ɗaya ce: ya ƙaryata jikinsa, ya gaskata agogunan da suke gabansa, kuma wannan sai da horo na musamman.

A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su da wannan horo, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne, wato ƙasa da minti uku. Irin wannan ruɗewa ce hukumar NTSB ta ce ta halaka John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, da matarsa da yayarta, ranar 16 ga Yuli, 1999, lokacin da yake tuƙa jirgin Piper Saratoga a kan teku cikin dare da hazo.

A nan gida ma, ranar 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Ɗanbaba Suntai, ya faɗi kusa da Yola da jirgin Cessna 208 mai inji ɗaya da yake tuƙawa. Masu bincike sun gano cewa ba shi da shaidar tuƙi da agoguna, kuma tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana. Mai karatu da ya san yadda ƙurar hunturu take rufe gari zai gane cewa wannan darasi ya shafe mu ƙwarai.

Dalili na uku: mai, zafi da kaya

Ƙarewar mai a sama tana kayar da jirage da dama kowace shekara, ko da yake babu haɗarin da ya fi shi sauƙin kaucewa. Dokar Amurka ta wajabta wa mai tuƙi da ido ya tashi da rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare. Wani lokaci ma man yana nan a ɗaya tankin, matuƙi ne ya manta bai juya makunnin ba.

Zafi kuma yana sa iska ta yi shara-shara, ƙarfin inji da na fiffike su ragu. Mu ɗauki filin jirgin saman Kano, wanda yake bisa da mita 476 daga teku. A ma'aunin da masana suka tsayar, zafin wannan tsawo digiri 12 ne. Idan ya kai digiri 40 a bazara, an sami ƙarin 28, kuma kowane digiri yana daidai da hawa kusan mita 36. Ke nan jirgin zai yi aiki tamkar yana bisa da mita 1,500. Idan aka haɗa da kaya fiye da ƙima, titi zai iya ƙarewa jirgi bai tashi ba.

Dalili na huɗu: abokan gaba na ɓoye

Abin mamaki, ƙanƙara tana iya toshe kafireto ko da zafin waje ya kai digiri 30, matuƙar akwai laima a iska, domin mai yana tsotse zafi yayin da yake zama tururi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Saboda haka aka yi makunnin da yake tura iska mai ɗumi cikinsa. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda take shiga ɗakin matuƙi idan salansa ta tsage. Masu binciken Birtaniya sun sami wannan guba da yawa a jinin ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala, wanda jirgin Piper Malibu ya faɗa teku da shi tsakanin Faransa da Ingila ranar 21 ga Janairu, 2019. Sun kuma gano cewa matuƙin ba shi da izinin tuƙin dare ko na haya.

Kammalawa

Fasaha tana rage haɗari. Kamfanin Cirrus yana sanya wa jiragensa laimar da take sauko da jirgin ɗungurungum, kuma ta ceci fiye da mutum 200. Taswirar tauraron ɗan Adam da rahoton yanayi sun isa gaban matuƙi. Duk da haka, kamar yadda muka gani, haɗari yakan faro tun jirgi yana ƙasa: an makara, ana sauri, yanayi ya ɓaci, mai bai cika ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gwanin matuƙi shi ne wanda ya san iyakar iliminsa da ta jirginsa, ya kuma iya cewa yau ba za a tashi ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Aikin aji

1. Jirgi yana bisa da mita 1,500 sai injinsa ya mutu. Idan yana tafiyar mita 9 a kowace mita 1 ta saukowa, kilomita nawa zai iya kaiwa?
2. Filin jirgin saman Jos yana bisa da kimanin mita 1,290, kuma zafin ma'auni a can digiri 7 ne. Lissafa tsawon da jirgi zai ji idan zafi ya kai digiri 32.
3. Malami ya zaunar da ɗalibi a kujera mai juyawa, a rufe masa ido, a juya shi a hankali na rabin minti, sannan a tsayar. A tambaye shi ina yake jin yana juyawa, aji kuma ya bayyana dalili.