Wasiƙar Shaidar Malami: Abubuwan da Ɗalibi Zai Tanada

Gabatarwa

Daga Ƙofar Dukawuya zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tafiyar ƙafa ce, amma ɗalibin wannan unguwa ba ya samun shiga aji a can sai da takardu. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, sakamakon jarrabawa ne babban mabuɗin jami'o'in Nijeriya. Saboda haka ɗalibai da yawa ba su san wasiƙar shaidar malami ba sai ranar da suka nemi tallafin karatu ko gurbi a ƙasar waje. Hukumar UCAS ta Birtaniya tana buƙatar wannan shaida, haka kuma jami'o'in Amurka da dama kan nemi wasiƙar malami ɗaya ko biyu.

Mece ce wannan wasiƙa?

Ta bambanta da takardar shaidar hali da shugaban makaranta kan bai wa kowane ɗalibi idan ya gama. Ta fi kama da rahoton ɗakin gwaje-gwaje, inda ba a karɓar magana sai da hujja. Idan malami ya rubuta cewa ɗaliba tana da ƙwazo da ladabi, bai faɗi abin da ya raba ta da sauran masu nema ba.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta ɗebo ruwa daga kududdufin bakin badala, ta zuba a kwalba, ta lura cewa wasu tsutsotsin sauro suna kwance a saman ruwa, wasu kuwa suna rataye kai ƙasa. Da ta bincika, sai ta gane cewa na kwancen su ne na sauron Anofilis, wanda macensa ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, na ratayen kuma irin su Kuleks ne. Jimla biyu a kan wannan aiki sun fi shafi guda na yabo, domin gani ya kori ji. Sai dai malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai tuna ba, sai an tuna masa.

Abubuwan da za a miƙa wa malami

1. Kwafin sakamakon zangunan karatu daga aji huɗu zuwa shida, da na WAEC ko NECO idan ya fito.
2. Littafin aikin gwaji, da zane-zanensa da kwanan watan kowane aiki.
3. Shafi ɗaya mai bayyana ayyuka biyu ko uku da malamin ya gani da idonsa.
4. Sunan kwas da jami'ar da ake nema, da dalilin zaɓensu.
5. Duk wani uzuri da ya taɓa karatu, kamar jinya ko rasuwar mahaifi, idan ɗalibi ya yarda a ambata.
6. Ranar rufe karɓa da hanyar aikawa, domin yawanci malami ne ke aikawa da kansa ta intanet.

Zaɓen malami da lokaci

Malamin da ya koyar da ɗalibi shekara biyu ya fi babban mutumin da bai san shi ba, kome girman muƙaminsa. Mai neman likitanci ya fara da malamin ilimin halittu ko na sinadarai. Ba a fafe gora ranar tafiya: masu neman likitanci a Birtaniya, ko jami'o'in Okasfod da Kambirij, a tsakiyar Oktoba ake rufe musu, don haka ya kamata kayan su isa hannun malami aƙalla wata guda kafin nan.

Kammalawa

Shaida amana ce. Bai dace ɗalibi ya rubuta wasiƙa ya kawo a sa hannu ba, kuma jami'a tana iya janye gurbi idan ta gano ƙarya. Malamin da bai san ɗalibi sosai ba, gara ya faɗa masa da wuri, ya nemi wani. Shi kuwa ɗalibi, tanadinsa yana farawa ne tun ranar da ya buɗe littafin aikin gwaji a aji huɗu.