Yadda Python Ke Gane Nau'in Abu

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya: yaya Python ke bambance lamba da rubutu?

To malama, Python ba ya canka. Duk abin da ya ajiye a ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ɗauke da shaidar nau'insa, kamar sunan da ake rubutawa a jikin buhu. Umarnin type, wannan shaida kawai yake karantowa.

Shi kuwa umarnin isinstance, har asalin abu yake bi. Idan kika tambaye shi ko True lamba ce, zai ce eh, domin daga jinsin lambobi aka fitar da ita. Wajen bincika nau'i, isinstance ɗin nake ba ki shawarar ki riƙe.